Fataken da suka bar mana baƙaƙe, takardunsu kuma suka ɓace

 Gaisuwa ga mutanen Malanbil da na Gaya, da na Karimama, Gene da Madekali, da masu kama mu daga Kamba da Lolo ta ɓangaren Najeriya. Ina gaida makiyaya da ke ruga, da 'yan kasuwa da ke zaune kan buhunan albasa suna jiran mota, da masu kwale-kwale a bakin gulbi. Wannan shi ne jawabin da na yi a shirinmu, an sa shi a takarda don wanda bai samu ji ba, ko wanda ke so yaro ya sake karanta masa da dare.

Abin da ya jawo maganar yau, a bakin gulbi ya faru. Wani dattijo Ba'abzine ya ciro 'yar takarda daga aljihu yana duba abin da ake binsa da abin da yake bi. Wani saurayi ɗan lakwal ya leƙa, ya ga da'ira da ɗigo da gicciye, sai ya fashe da dariya, wai baba zane yake yi kamar yaro. Dattijon ya ce da shi: "Yaro, wannan rubutu ya girmi naka." Gardama ta tashi, har wani dillali ya ce shi ya taɓa ji wai duk rubutun duniya 'yan kasuwa ne suka ƙago shi. Da aka ga ni, aka ce to ga ɗan rediyo, ya je ya bincika ya faɗa mana. Na bincika gwargwadon hali. Maganar dillali da gyara a cikinta, amma bai yi nisa da gaskiya ba.

Mutanen da yake nufi su ne Finikiyawa. Ƙasarsu ita ce bakin tekun da yau ake kira Labanan, inda 'yan kasuwar nan da muke ce wa Kwarori suka fito. Manyan biranensu su ne Sur, Saida da Jubail, kuma har gobe garuruwan nan suna nan da mutane a ciki. Ƙasar siririya ce, dutse a baya, teku a gaba, saboda haka suka ba da ƙarfi ga jirgin ruwa. Suna kai katako, da gilashi, da man zaitun, da tufafi masu wani rini ja mai duhu da suke samu daga dodon-koɗin teku, rinin da sai sarki ko attajiri ke iya saye. Su kuma su sayo azurfa da sauran ƙarafa. Duk inda ciniki ya yi daɗi sai su kafa zango, zango ya zama gari. Mafi girma shi ne Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, wanda aka ce an kafa shi a shekara ta 814 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Da harshensu sunan garin Kart-hadasht, ma'anarsa Sabon Birni. Kun ga ke nan ba mu muka fara sa wa gari wannan suna ba. Addininsu kuwa bautar gumaka ne, babba daga ciki shi ne Ba'al.

To, ba su suka fara rubutu a duniya ba. Mutanen Masar da na Iraƙi sun riga su da shekaru kusan dubu biyu. Sai dai rubutun waɗancan alamomi ne ɗaruruwa, sai mutum ya shekara da shekaru yana koyo, don haka ya zama sana'ar 'yan kaɗan a fada da ɗakin bauta. Finikiyawa sun gaji wata hanya mai sauƙi daga magabatansu na ƙasar Kan'ana, suka daidaita ta a kan baƙaƙe 22 kacal, suka yaɗa ta duk inda jirginsu ya tsaya. Ana rubutawa daga dama zuwa hagu. Kuma ku saurara da kyau, ku da kuka yi makarantar allo: babu wasali ko ɗaya. Babbaƙu ne zalla, ba farfaru. Mai karatu shi ke sa wasalin da bakinsa, don ya san harshen.

Makiyaya, ga rabonku. Baƙin farko sunansa alef, ma'anarsa sa, kuma asalinsa hoton kan sa ne da ƙahoni biyu. Ku rubuta A ta boko ku juya ta ƙasa, za ku ga ƙahonin. Na biyu bet, wato gida. Akwai dalet, ƙofa. Akwai mem, ruwa. Akwai ayin, ido, ana zana shi da'ira. Na ƙarshe taw, ma'anarsa alama, gicciye ne kamar shaidar da ake yi wa dabba da wuta. Wanda ya san abajada ta malamai ya riga ya san jerin farko: alef, bet, gimel, dalet.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Girkawa suka ari baƙaƙen wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙara wasula, daga gare su abin ya isa Italiya, Rumawa suka ɗauka, daga Rumawa Turawa suka gada, shi ne boko da ake koya a lakwal da Faransanci da Turanci. Ta ɗaya hannun kuma Aramiyawa suka ara, daga nasu na Nabatawa ya fito, daga na Nabatawa rubutun Larabci ya fito, shi ne muka yi ajami da shi. Ku ciro takardar naira dubu ku duba: ga boko, ga ajami. Kakansu ɗaya. Yaron da ke rera alu, ambaki, wau, zal a tsangaya da wanda ke rera a, be, se a lakwal, gadon gida ɗaya suke ci ba su sani ba.

Rubutun dattijon nan kuma sunansa tifinag. Ya fito daga tsohon rubutun mutanen Arewacin Afirka, kuma a kan asalinsa masana sun rabu: wasu sun ce daga na Kartaj aka aro dabarar, har suna ganin sunan kansa yana nufin baƙaƙen Finikiyawa, wasu sun ce ƙirar gida ce da ta ɗan yi aro. Abin da ba gardama a kai shi ne tsufansa. A garin Dugga na ƙasar Tunisiya an sami duwatsu biyu masu rubutu iri biyu gefe da gefe, na Kartaj da na kakan tifinag, ɗaya daga cikinsu na wajen shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ma babbaƙu ne galibi, kuma gicciye a cikinsa t ne, kamar taw. Dattijo dai ya yi gaskiya a kan tsufan rubutunsa. Faransancin saurayin nan ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin.

Yanzu sai tambaya: harshen da ya mutu, ba mai jin sa, ta yaya aka san abin da suka rubuta? A tsibirin Malta aka sami wasu ginshiƙai biyu na dutse, tun kafin shekara ta 1700, waɗanda wasu 'yan'uwa biyu mutanen Sur suka keɓe wa abin bautarsu. Magana ɗaya ce aka rubuta sau biyu, da Finikiyanci da Girkanci. A 1758 wani malami Bafaranshe, Jean-Jacques Barthélemy, ya ɗora wannan kan wancan. Ya san Girkanci, ya san Ibrananci wanda ɗan'uwan Finikiyanci ne na kusa, ya bi sunayen mutane da na gari baƙi bayan baƙi har ya gano yawancinsu. Kamar dai ɗan kasuwar da bai iya Faransanci ba, amma ya ga takarda ɗaya da Hausa a sama da Faransanci a ƙasa, ya san sunansa da na garinsu, daga nan ya kama bakin zaren.

Daga lokacin zuwa yau an tara rubuce-rubucensu wajen dubu goma. Bari in kawo muku kaɗan. A Jubail, a 1923, aka tono akwatin gawa na dutse na wani sarki Ahiram, mai shekara wajen dubu uku. Ɗansa ne ya sa aka sassaƙa, ya kuma ja kunnen duk sarki ko kwamandan da zai buɗe shi cewa sandar mulkinsa za ta karye, gadonsa ya kife. Yana gidan tarihi na Beirut. A Saida, a 1855, aka sami na sarki Eshmunazar, mai layi 22, yana cewa kada kowa ya wahal da kansa, ba dukiya a ciki. An ɗauke shi duk da haka, yana birnin Paris. A tsibirin Sardiniya akwai dutsen Nora, da aka gano a 1773, shaidar cewa jiragensu sun kai can tun wajen ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa. A Pirgi ta Italiya, a 1964, aka tono faranti uku na zinariya, ɗaya da Finikiyanci.

Biyu sun fi burge ni, kuma duka a kudancin Turkiyya aka same su, inda sarakunan da ba Finikiyawa ba suka ari harshen don shi ne harshen da baƙi ke ji, kamar yadda Hausa take a kasuwar nan tamu. Na farko sarki Kilamuwa, wajen shekara ta 825 kafin haihuwar Annabi Isa. Da zai yabi kansa, sai ya ce mutumin da bai taɓa mallakar tunkiya ba ya mai da shi mai garke, wanda bai taɓa mallakar sa ba ya mai da shi mai shanu. Na biyu a Karatepe, an gano shi a 1946, shi ne mafi tsawo da aka samu. Mai mulkin wurin, Azatiwada, ya ce ya cika rumbuna, ya murƙushe 'yan fashi a bakin iyaka, har wuraren da dā namiji ke tsoron bi, a zamaninsa mace na bi ita kaɗai tana kaɗi da mazarinta. Ya kuma yi wa mutanen garinsa fatan shanu da tumaki. Kun ji ma'aunin sarki nagari shekara 2,700 da suka wuce: dabba a hannun talaka, hanya lafiya. Ku da kuke kwana a daji da ku da kuke bin hanyar Kandi da ta Doso, ban ce ku yarda da duk abin da sarki ya faɗa a kan kansa ba. Amma abin da ya zaɓa ya yi alfahari da shi ya nuna abin da mutanensa ke nema, kuma shi muke nema har yau.

'Yan kasuwa, ga naku. Wajen 1845 aka tono wani allon dutse a birnin Marsai na Faransa, dutsen kuwa daga Kartaj ya fito. Jadawalin kuɗi ne na ɗakin bautarsu, ya haura shekara 2,200. An rubuta abin da mai yanka zai biya masu hidimar wurin: sa, azurfa shekel 10, maraƙi, 5, rago ko akuya, shekel 1 da 'yan canji, ɗan rago ko ɗan akuya, kashi uku cikin huɗu na shekel. An faɗi naman da za su ɗauka, an faɗi inda fata da ƙafafu ke komawa ga mai dabba. An ce talakan da ba ya da dabbobi, ba za a karɓi kome a hannunsa ba. Sannan a ƙarshe aka ce duk ma'aikacin da ya karɓi abin da ya saɓa wa wannan allo za a ci shi tara, haka ma mai yankan da ya ƙi biya. Bautarsu ba tamu ba ce, Allah ya tsare mu. Amma dabarar a kafe farashi a fili inda kowa zai gani, mai karɓa da mai biya duka su san iyakarsu, wannan ba wanda ya taɓa tsayawa a shinge da kaya a mota da zai ce bai gane amfaninta ba.

To ga inda labarin ya yi ɗaci. Cikin dubu goman nan, mafi yawa gajeru ne, daga wuri ɗaya a Kartaj, kuma kusan magana ɗaya suke maimaitawa: wane ɗan wane ya cika alwashi ga abin bautarsa. Mutanen da suka yi shekara dubu suna fatauci, ina littattafan bashinsu? Ina wasiƙunsu, ina yarjejeniyarsu, ina labarin tafiye-tafiyensu? A kan takardar Masar suka rubuta su, wadda ake yi da wata ciyawar bakin ruwa, da kuma fata. Damshin bakin teku ya cinye. A Kartaj an tono dubban 'yan dunƙulen yumɓu da ake liƙe takarda da su, hatimi na nan, takardar babu. Abin da ya tsira kaɗan ne. Akwai wata wasiƙa da aka samu a Saƙƙara ta Masar, inda ƙasa ke bushe, wata mace ta rubuta wa 'yar'uwarta, ta gaishe ta, ta yi maganar azurfar da aka aiko. Akwai kuma ɓaraguzan tukwane da duwatsu fiye da 700 a Idaliyon ta tsibirin Kubrus, da lissafin fada a kansu da tawada. Katanga ta fi takarda kwana.

Abin da damshi ya bari, yaƙi ya ƙarasa. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka ci Kartaj suka ƙone ta. Littattafan garin suka raba wa sarakunan yankin, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Guda ɗaya suka ware, aikin wani mai suna Mago a kan noma da kiwo, juzu'i 28, majalisar Rum ta sa aka fassara. Asalin ya ɓace, fassarar ma ta ɓace, sai gutsattsarin da wasu marubuta suka tsakuro. A ciki har da siffar san noma da ya kamata a saya: matashi, mai faɗin ƙirji, mai dogayen ƙahoni masu duhu, mai faɗin hanci, mai leɓe har kusan gwiwa. Dillalan kasuwar shanu ta Gene, ku faɗa mini ko ya yi kuskure. Harshen kansa bai mutu nan take ba. Shekara fiye da 500 bayan faɗuwar Kartaj, malamin Kirista Agustin, wanda ya rasu a 430, ya ce ƙauyawan yankinsa a gabashin Aljeriya ta yau suna magana da shi. Daga baya ya shuɗe.

Sakamakon haka, yawancin abin da duniya ta sani a kan Finikiyawa daga bakin Girkawa da Rumawa ya fito, wato abokan gasarsu da abokan gabarsu. Su kuwa sun zana su a matsayin mayaudara, har a Rum in an ce alkawarin mutumin Kartaj, ana nufin alkawarin da ba za a cika ba. Ko gaskiya ne ko sharri, mai kare kansa ba ya nan. Ka yi tunani a ce shekara dubu nan gaba, duk abin da za a sani game da kai shi ne abin da abokin hamayyarka na kasuwa ya rubuta.

Wani zai tambaya, sun zo nan wajenmu? Akwai labarin wani jagoransu, Hanno, da aka ce ya fita da jirage 60 ya bi gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Da Girkanci kawai labarin ya iso mu, kuma masana ba su daidaita kan inda ya tsaya ba, wasu sun ce Sanagal, wasu sun ce har Kamaru. Bagirken nan Herodotus ya ce mutanen Kartaj na cinikin zinariya da wasu mutanen Afirka ba tare da magana ba: su jera kaya a bakin teku su koma jirgi su tada hayaƙi, masu ƙasa su zo su ajiye zinariya su ja da baya, a yi ta ƙari har kowa ya gamsu, ba mai taɓa na wani. Labari ne mai daɗi, amma ji ne. Gani kuwa, wurin da ya fi kudu a wannan gaɓa inda aka tono rubutunsu shi ne tsibirin Mogador a Maroko, sunayen mutane a kan ɓaraguzan tukwane. Kudu da Sahara ba a sami rubutun Finikiyawa da masana suka amince da shi ba. A 1872 an taɓa yaɗa cewa an ga dutse mai rubutunsu a Brazil. Ba wanda ya taɓa ganin dutsen, kwafi kawai aka nuna, kuma masana suka gano ƙirƙira ce. Don haka in wani ya zo muku da tsohon dutse ko takarda yana neman kuɗi, ku tambaye shi inda aka samo, wa ya gani, wa ya karanta.

Dangantakar harshe kuwa akwai ta, amma ta nesa. Finikiyanci ɗan ɗaki ɗaya ne da Ibrananci, ɗan'uwan Larabci. Shi ya sa za ku ji kalmominsu kamar kun san su: m-l-k sarki, ga mulki, b-r-k, ga albarka, sunayensu da yawa na farawa da Abd, kamar Abdu. Waɗannan ta hanyar Larabci suka shigo Hausa. Sai kuma wasu 'yan kalmomi irin mutu da suna, da masana ke kawowa a matsayin gadon kaka ɗaya mai nisan gaske tsakanin Hausa da waɗannan harsuna. Wannan bai sa Bahaushe ya zama jikan Finikiyawa ba. Dendi da Zabarmanci kuma danginsu daban, Fulatanci ma nasa dangin daban.

Mu ma a wannan yanki muna da namu duwatsun. A Essuk, arewacin Mali, akwai rubutun Larabci a kan dutse mai shekarar Hijira 404, wato wajen 1013, ga kuma tifinag a duwatsun wurin, kamar yadda yake a duwatsun Abzin. A Sane kusa da Gao, a bakin wannan kogi namu, an sami duwatsun kaburburan sarakuna na wajen shekara ta 1100, wasu da marmara aka yi su da aka sassaƙo tun daga Almeriya ta Andalus. Ayarin goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, suna ƙetare kogi su ratsa Borgu, ban da madugu da jagaba akwai malamin ayari mai riƙe da alƙalami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, har littafi ya yi na koya wa mutane yadda ake rubuta wasiƙa. Takardun fataken nan nawa suka rage? Gara da ruwa da gobara sun yi musu abin da damshi ya yi wa na Sur.

In kuna son ganin nauyin tsohuwar takarda, ba sai kun je nesa ba. Tsibirin Lete, inda makiyaya suka daɗe suna kiwo, an yi shekaru ana jayayya a kansa tsakanin Benin da Nijar. Ƙasashen biyu suka kai maganar kotun duniya da ke Hague, aka yanke hukunci ran 12 ga Yuli 2005: cikin tsibirai 25, 16 na Nijar har da Lete, 9 na Benin. Ba ina tada tsohon zance ba ne, an gama, an zauna lafiya. Abin lura shi ne cikin abubuwan da alƙalai suka duba har da wasiƙar da wani jami'in mulkin mallaka na Gaya ya rubuta a 1914. Mutanen da suka yi kiwo da su a tsibirin tun kaka da kakanni sun fi shi sanin wurin nesa ba kusa ba. Shi dai ya rubuta, aka kuma adana.

Ni ma abin ya taɓa gidanmu. Kawuna ya ba wani abokin cinikinsa albasa buhu 40 bashi, amana ce ta shekaru, ba takarda. Lissafin duka yana cikin talho. Tun da aka rufe gada a 2023 ya koma ƙetarewa ta kwale-kwale, ran nan talho ya faɗa ruwa. Kafin wata biyu Allah ya yi wa abokin rasuwa. Magada ba su yi musu ba, ba su kuma yarda ba, suka ce kawu ya kawo shaida. Rasit ɗaya ya samu a aljihun tsohuwar riga, irin na inji, zafi ya goge shi fari fat. Kawu ya ce ya bar wa Allah, amma jarinsa bai koma daidai ba har yau, kuma gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu.

Don haka ga roƙona. Bashi, ko na ɗan'uwa ne, a rubuta shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ku tambayi malamanku. A sa suna, da adadi, da rana, da ranar biya, da shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe kwafinsa. Da ajami ne, da boko ne, da tifinag ne, duk rubutu ne, in dai akwai wani bayan kai da zai iya karantawa. A yi da biro a littafi mai bango, a sa a leda, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Rasit na inji a ɗauki hotonsa ran da aka karɓa, a tura wa wani ɗan'uwa, don kada shaida ta zauna a talho ɗaya. Duk inda kuka biya kuɗi, a duwan ne ko a kasuwa, ku nemi takarda cikin ladabi, ku duba ko adadin da aka rubuta shi ne kuka bayar. Makiyaya, takardar ƙetare iyaka da dabbobi da ƙungiyar CEDEAO ta tsara tun 1998 tana ɗauke da yawan garke, da rigakafin da aka yi, da hanyar da za a bi. Ku adana ta tare da katin rigakafi, kuma kafin ku tashi ku tambayi ma'aikatan dabbobi dokar da ke aiki a bana, don ƙasashe na canja ta. Ku sa yaro ya rubuta shaidar da ke jikin dabbobinku da kamanninsu, ranar ɓata ko sata za ta yi amfani. Wanda kuma ke da tsofaffin takardun kakanni a cikin adaka ko gafaka, kada ya ƙone, kada ya sayar wa mai yawo. A kai wa malamin da zai karanta, a ɗauki hoto.

Saurayin nan na bakin gulbi, in kana ji, dattijo ya ce ka koma ya koya maka rubuta sunanka da tifinag, ba zai karɓi ko dala ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna da wani malamin tsangaya a kan yadda ake rubuta takardar bashi da ajami, kuma za mu karanta tambayoyinku. Ku aiko da su ta hannun wakilanmu na kasuwa kamar yadda kuka saba. Allah ya ba da sa'ar ciniki, ya tsare garke, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.